Yansun da Ƙwayoyinsa Masu Ƙamshi

Yansun ƙaramin tsiro ne daga dangin karas, wanda ba ya wuce shekara guda a gona. Asalinsa gabashin Bahar Rum ne, kuma ana noma shi a Masar da Turkiyya da Sifen. Sunan ma baƙo ne a Hausa: daga Larabci aka aro shi, Larabawa kuwa daga Girkanci.

Abin da ake kira ƙwayar yansun, a haƙiƙa busassun 'ya'yan tsiron ne. Ƙamshinsu da ɗan zaƙinsu daga sinadarin anitol suke fitowa. Misirawa kan dafa su su sha kamar shayi, musamman saboda kumburin ciki.

Sai dai ya kamata malami ya lura da wani ruɗani. Akwai yansun mai siffar tauraro, ɗan wata bishiya ta kudancin Sin da Biyetnam. Ba dangi ba ne, anitol kawai ya haɗa su. Wannan bishiya tana da 'yar'uwa a Japan mai kama da ita ƙwarai, amma 'ya'yanta guba ne. A 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan shayin mai tauraron, bayan wasu jarirai sun yi jijjiga da suka sha.