Kuɗin da Ake Aikowa Gida: Na Cefane Ne ko Na Jari?

Da zarar kaka ta wuce, samari daga Wurno da Rabah da Goronyo sukan ɗauki hanyar kudu. Wasu Mile 12 a Legas, wasu Sabo a Ibadan, masu harkar albasa kuwa har Kumasi da Akara. Cin rani tsohon abu ne a ƙasar Sakkwato. Tun shekarun 1950 wani masani Bature, Mansell Prothero, ya yi nazari a kansa. Abin da ya sauya shi ne hanyar aike. Da can sai a ba direba ko ɗan garinku da zai koma gida. Yau ta waya ake turawa, a je wurin mai POS a karɓa.

Sai dai alat adadi kawai yake faɗa. Bai san ko kuɗin na cefanen Inna ne, ko na sayen taki, ko ajiya ce ta aure ba. Nan rigimar 'yan uwa take tsiro. A ce wani ya turo wa ƙanensa naira 300,000 don noman tafarnuwa a fadamar Wurno, ko shinkafa a ƙarƙashin madatsar Goronyo. Kafin a yi shuka an yi suna a gida, an kai mara lafiya asibiti, duk daga aljihu ɗaya. Da Sallah ya dawo yana tambayar ribarsa, ƙanen ya ce, "Yaya, ai kuɗin nan gida ya ci." Babu maƙaryaci a cikinsu, kuma babu mai iya tabbatar da maganarsa.

Maganin bai fi littafin rubutu irin na 'yan firamare ba. A ja layi huɗu: kwanan wata da dalili, abin da ya shigo, abin da ya fita, sai ragowa. Abin da ya fi layukan muhimmanci, a ganina, shi ne raba shafuka. Cefane da kyauta shafinsu daban, don ba sa dawowa. Jari daban: iri, taki, man injin ban ruwa, kuɗin 'yan ƙwadago, buhuna, lodi, la'adar dillali. Har albasar da ta ruɓe a rudu a rubuta ta, domin asara ce, kuma wanda yake Legas bai gan ta da idonsa ba. Bashi da ajiya su ma daban, kowa da sunansa.

Kuma littafin biyu ne. Abin da mai aike ya rubuta ya fita, mai karɓa ya rubuta ya shigo, ranar da aka haɗu a gwada. Idan sun saɓa, an san ranar da za a duba. Wanda yake Gana ko Nijar ya rubuta sidi ko sefa, ya rubuta nairar da suka zama a ranar, don canji ba ya tsayawa, musamman tun da aka saki naira a Yunin 2023.

Akwai masu jin kunyar wannan, wai rubutu tsakanin 'yan uwa alamar rashin yarda ce. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Wanda bai yi boko ba, ajami ya ishe shi. Da wannan littafin ne ake sanin abin da zakka ta hau kansa a ƙarshen shekara. Idan kuma ta Allah ta kasance a can baƙon wuri, shi ne zai nuna wa masu rabon gado wane sa ne na mamaci a garken ƙanensa, wane ne kuma ya riga ya bayar kyauta.