Ƙashi Ya Haɗe, Saura Tafiya: Motsa Ƙafa Bayan Karayar Yatsa

Daga zangon Sokode har kasuwar Dapaong, ƙafa ita ce jarinmu. 'Yan zemijan, 'yan dako, mahauta da mata masu talla, duk da silifa muke yini. Shi ya sa karayar yatsan ƙafa ba baƙuwa ba ce a wurinmu: buhu ya faɗo, babur ya taka, ko a yi tuntuɓe da dare.

Mun saba da an kwance ɗori sai mu ce an warke. To, ba nan gizo ke saƙa ba. Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26, kuma 14 daga ciki a yatsu suke. Ƙashin yatsa yakan haɗe cikin mako 4 zuwa 6, amma gaɓar da ta daɗe ba motsi takan sandare. Babban yatsa kuwa shi ke tura jiki gaba a kowane taku. In ya ƙage, sai mutum ya riƙa taka gefen ƙafa, ciwo ya haura gwiwa da ƙugu. Lanƙwasa yatsu a sujada ma sai ya gagara.

Maganin wannan shi ne motsa ƙafar, amma sai likita ya tabbatar ƙashi ya kama. A zauna a kujera, a riƙe yatsan da hannu, a lanƙwasa shi sama da ƙasa a hankali, sau 10. A shimfiɗa tawul a ƙasa, a riƙa tattaro shi da yatsu. A zuba 'yan tsakuwa, a tsince su da yatsu ana sakawa a kwano. A juya idon sawu dama da hagu. In ƙarfi ya fara dawowa, a dafa bango, a ɗaga duddugai, a sauke sannu. Sau 2 ko 3 a yini ya isa. Ɗan jan jijiya ba laifi, amma in aka ji zafi mai suka, a dakata. A kuma ajiye silifa, a sa takalmi mai faɗin baki da ƙasa mai tauri.

Akwai lokacin da gida ba ya isa. In babban yatsa ne ya karye, ko yatsa ya karkace, ko ya yi sanyi ya mutu, ko akwai rauni a buɗe, sai asibiti. Mai ciwon sukari kada ma ya jira. Sokode da Dapaong kowanne yana da babban asibitin yanki, wato CHR. A nemi ganin kine, ma'aikatan da suka koyi aikin motsa gaɓoɓi, irin waɗanda makarantar ENAM ta Lome ke horarwa.

Mun san zaman gida asara ne ga mai neman na yau. Amma haƙurin mako kaɗan ya fi ɗingishin shekaru. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.