Kare Kai Ga Mata: Horon Da Ke Farawa Daga Murya

A unguwar Korogocho da ke gefen jujin Dandora a birnin Nairobi na ƙasar Kenya, akwai wani darasi da 'yan matan makaranta ke ɗauka wanda ba a rubuta shi a allo. Malamar, wadda ita ma 'yar irin waɗannan unguwanni ce, za ta jera su a fili, kowace ta ɗan ware ƙafafu don ta tsaya da kyau, ta ɗaga tafin hannunta a gaban ƙirji, ta kalli mutum ido cikin ido, sannan ta kwatsa "A'a!" da ƙarfin da za a ji a bayan katanga. A ranar farko yawanci muryoyin kan fito a shaƙe, wasu dariya ke kama su, wasu su sunkuyar da kai. Ana maimaitawa har sai ihun ya zauna a bakin kowace.

Ƙungiyar No Means No Worldwide da takwararta Ujamaa Africa ne suka yaɗa wannan horo, kuma tsawonsa bai wuce awa 12 ba: awa biyu a mako, har mako shida. Masu bincike daga Jami'ar Stanford ta Amurka sun bi diddigin 'yan matan sakandare da suka yi shi. Rahotonsu na 2013 ya nuna cewa kafin horon, kashi 24.6 cikin 100 sun ce an yi musu fyaɗe a shekarar da ta gabata. Wata goma bayan horon adadin ya sauko zuwa kashi 9.2, alhali a wajen waɗanda ba su samu horon ba kusan bai motsa ba. Bincike na biyu a 2014, wanda ya shafi 'yan mata fiye da 2,000, shi ya fito da abin da ya fi ɗaukar hankalina. Fiye da rabin waɗanda suka yi horon sun ce sun yi amfani da abin da suka koya wajen dakatar da wanda ya nufe su da mugunta, kuma kashi 45 cikin 100 na waɗannan da baki kaɗai suka yi, ko hannu ba su ɗaga ba.

A Kanada ma an gwada irinsa. Farfesa Charlene Senn ta Jami'ar Windsor ta jagoranci gwaji a kan ɗalibai mata 893 a jami'o'i uku, aka wallafa sakamakon a 2015. Cikin shekara guda, kashi 5.2 na waɗanda suka yi horon ne aka yi wa fyaɗe, a gefe guda kuma kashi 9.8 na waɗanda aka ba su takardun faɗakarwa kawai.

Me ya sa murya ke da wannan tasiri? Domin mai cin zarafin mace yawanci ba baƙo ba ne da ya diro daga duhu. Maƙwabci ne, ko saurayi, ko malami, ko mai shagon da ake aiken yarinya kullum, ko ɗan'uwa na cikin gida. Irin wannan ba ya farawa da ƙarfi. Yakan gwada tukuna: kalma mara daɗi, taɓa hannu kamar da kuskure, "shigo daga ciki ki karɓi canjinki". Yana auna ko za ta yi shiru. Abin da ya dogara da shi shi ne ba za ta so a ji ba, kuma da zarar ta ɗaga murya lissafinsa ya rushe.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa ɗaya cikin kowaɗanne 'yan mata huɗu a Najeriya na fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta cika shekara 18. Mu kuwa muna tarbiyyantar da 'ya mace a kan kunya da kawaici, kada ta ɗaga wa babba murya, kada ta yi musu, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. Amma uwa nawa ce ta taɓa zaunar da 'yarta ta ce mata, "Duk wanda ya taɓa jikinki, ko da kawunki ne, ki yi ihu, ki gudu, ki zo ki faɗa mini, ba zan dake ki ba"? Mugu ya san tarbiyyar da muka yi wa yarinya, da ita yake aiki.

Akwai kuma abin da jiki ke yi da kansa idan tsoro ya kai maƙura. Wani bincike da aka yi a Suwidin, aka wallafa a 2017, a kan mata 298 da suka je asibiti bayan an yi musu fyaɗe ya nuna kashi 70 cikin 100 jikinsu ya sandare a lokacin, sun kasa motsi, sun kasa magana. Ba yarda ba ce, ba kuma sakaci ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke kulle gaɓoɓi. Masu tambayar "me ya sa ba ta yi ihu ba?" ya kamata su san wannan. Amfanin maimaita darasi shi ne baki da hannu su saba, ta yadda ko tunani ya tsaya akwai abin da za su iya yi. Duk da haka, laifi na wanda ya aikata ne, ko ta yi horo ko ba ta yi ba.

Ɓangaren hannu da ƙafa kaɗan ne, ba a nufin a mai da kowa 'yar dambe. Idan an riƙe miki wuyan hannu, ki fizge ta wajen babban yatsansa, domin nan riƙon ya fi rauni. Gindin tafin hannu a hanci ya fi dunƙule aminci ga wadda ba ta saba naushi ba. Ido, maƙogwaro, gwiwa da gaba ba sa ƙara ƙarfi komai girman mutum. Manufar ita ce a sami daƙiƙa biyu ko uku na gudu zuwa inda jama'a suke. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta amince da haƙƙin kare kai, matuƙar ba a wuce iyakar abin da ya zama dole ba.

Fashin kan titi kuwa hukuncinsa daban. Mai ƙwacen waya a Kano da ya zaro wuƙa, waya yake so: a jefa masa a ja da baya, rai ya fi ta. A Abuja, inda 'yan "wan cans" ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, hawa a tasha ya fi tsayar da mota a bakin hanya ko da za a daɗe a layi. Wadda za ta hau adaidaita sahu da dare ta duba lambarsa ta tura wa wani na gida, ta zauna a bakin ƙofa, kuma idan direba ya kauce hanya ta yi magana tun a kwanar farko. Lambar gaggawa ita ce 112.

Idan fyaɗe ya riga ya faru, awa 72 na farko suna da muhimmanci, domin a cikinsu ne maganin rigakafin cutar ƙanjamau ke aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, kuma an kafa su ne domin wannan.

Horon Nairobi bai buƙaci kayan aiki masu tsada ba, fili ne da mata masu koyarwa da aka horar daga cikin unguwa, kuma an haɗa shi da darasin da ke koya wa samari su tsawatar idan sun ga ana cin zarafin mace. Islamiyyun matan aure da makarantun 'yan mata da muke da su a kusan kowace unguwa suna da filin, suna da malamai mata, suna da amincewar iyaye. Shugabannin waɗannan makarantu da ma'aikatun mata na jihohinmu, ku ware awa 12 a zangon karatu mai zuwa, ku nemo mata ku horar da su su koyar.