Rubutun fasaha: Sana'ar da matasanmu na Kudu ba su waiwaya ba

Duk kwalbar maganin dabbobi da ake sayarwa a kara, tun daga Bukuru har Oko-Oba ta Agege, akwai wata 'yar takarda a naɗe a cikin kwalinta. Yawancinmu ko buɗe ta ba ma yi, da kwalin ake haɗawa a yar. To wannan takardar, wani ne ya zauna ya rubuta ta, kuma biyansa aka yi. Haka littafin da ke zuwa da janareta, da na famfon sola, da bayanin da ke fitowa a manhajar banki idan za ka tura kuɗi. Aikin ana ce masa rubutun fasaha, da Turanci technical writing, kuma da wannan sunan za ka neme shi a intanet.

Daga Jos nake rubutu, amma maganar ta fi shafar ku 'yan uwa da ke Legas, Sabon Ibadan, Fatakwal, Anacha da Ama Hausa ta Owerri. Dalili kuwa, kuna da abin da sana'ar take nema, amma ba a faɗa muku yana da kuɗi ba.

Mene ne aikin?

A taƙaice, ka karɓi ilimi daga wanda ya ƙware, injiniya ko likita ko mai haɗa manhaja, ka rubuta shi yadda wanda bai ƙware ba zai karanta ya yi aikin daidai, ba tare da ya tambayi kowa ba. Ba labari ba ne, ba waƙa ba ce, ba kuma talla ba. Marubucin labari yana so a ji daɗi, mai talla yana so a saya, shi kuwa marubucin fasaha so yake kada a yi kuskure.

Ga misali daga harkar da na tashi a cikinta. Allurar ivermectin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wadda ake yi wa shanu saboda tsutsar ciki da ƙwarin fata, ƙa'idarta mil 1 ne ga kowane kilo 50 na nauyin dabba, kuma a ƙarƙashin fata ake yin ta. Wani zai rubuta: "A ba dabba gwargwadon nauyinta." Bai yi ƙarya ba, amma bai taimaki kowa ba. Wanda ya san aikin zai rubuta: "Sa mai kilo 300, zuƙo mil 6. Ɗaga fatar wuya ka soka a ƙarƙashinta, kada ka soka cikin tsoka." Sannan ya jera tebur, kilo 50 zuwa kilo 500, kowanne da nasa awon. Bambancin jimlolin nan biyu shi ne sana'ar gaba ɗaya.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka rage awo, cutar ba ta mutu ba, sai ma ta saba da maganin. Idan aka zarce, wani maganin yana iya kayar da dabba, kuma kowa ya san nawa ake sayar da sa a yau. Akwai kuma kwanakin jira: adadin kwanakin da dole a bari tsakanin allura da yanka ko tatsar nono, don maganin ya fita daga jikin dabba. Yana rubuce a takardar, amma da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, wani lokaci ma da Faransanci. Sa ya sha allura a kara ranar Litinin, an loda shi a tirela, Alhamis yana mayanka a Legas. Wa zai ci naman? Mu da maƙwabtanmu.

Su wa ke buƙatar irin wannan rubutu?

A nan Filato kawai, duba ka gani. A Vom, kudu da Jos, akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, NVRI, wadda take wurin tun 1924. Tana haɗa rigakafin cututtuka irin su ciwon huhu na shanu, da annobar awaki da tumaki, da ta kaji. Rigakafi kuwa abu ne mai laulayi: sai an ajiye shi a sanyi, in an haɗa shi da ruwa sai an yi amfani da shi cikin ɗan lokaci. Duk wannan sai an rubuta, tun daga yadda ma'aikacin ɗakin gwaji zai bi mataki-mataki har zuwa abin da mai allura zai karanta a ruga.

Hedikwatar ITF, asusun horar da ma'aikata da aka kafa a 1971, a Jos take, kuma horo ba ya yiwuwa sai da littafin koyarwa. Kamfanin NASCO da ya fara a Jos a 1963, da Grand Cereals da ke yin mai da abincin dabbobi, duk masana'antu ne da aikinsu ke tafiya bisa rubutacciyar ƙa'ida. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ba ta yi wa magani ko abincin kwali rajista sai ta duba abin da aka rubuta a jikinsa. A Zariya kuma akwai NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai fitar da ƙasidun wayar da kan manoma da makiyaya.

A wasu wuraren ma'aikatan cikin gida ne ke yin rubutun, ba tare da an kira su marubuta ba. A wasu kuma kwangila ake bayarwa. Inda aka fi ɗaukar mutum takanas da wannan suna shi ne kamfanonin manhaja da na hada-hadar kuɗi ta waya, kuma mafi yawansu a Legas suke, a ƙofar gidanku. Akwai kuma ƙungiyoyin agaji masu aikin lafiya da noma a Arewa, waɗanda kullum suke buƙatar littafin horo da Hausa.

Abin ma ba baƙo ba ne a wajenmu. Tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a 1939, da hukumar NORLA ta shekarun 1950 lokacin Yaƙi da Jahilci, ana buga ƙananan littattafai na Hausa kan tsafta, noma da kiwon lafiya. Kakanninmu sun yi, mu ne muka saki.

Me ya sa na ce ku?

Na farko, harshe. Yaron da ya tashi a Agege ko Mile 12 yana jin Hausa, yana jin Yarbanci, yana jin Turancin buroka, ya kuma yi boko. Na Fatakwal ko Owerri haka, da Ibo a bakinsa. Kullum cikin tafinta kuke tsakanin mahaifi da kwastoma, tsakanin direba da ɗan sanda, tsakanin mara lafiya da nas. Wannan ai shi ne rabin aikin: ka san inda mutum zai ruɗe tun kafin ya ruɗe.

Na biyu, sanin abu da hannu. Mahaifina falken shanu ne, kuma na ga yadda dillali ke duban sa ya faɗi nauyinsa da ƙyar ya kauce. Na ga kuma yadda makiyayi ba ya cewa mil, sai dai ya nuna maka layi a jikin sirinji. Wanda ya yi digiri a Turanci amma bai taɓa shiga kara ba, ba zai san cewa hoton sirinji da alama a kan layin ya fi jimla goma amfani ba. Kai da ka tashi a shagon gyaran waya, ko garejin babura, ko wajen haɗa sola, ko kana riƙe da na'urar POS, kana da irin wannan sanin a fanninka.

Abin da za ka koya

Turanci mai tsafta dole ne, ba makawa. Ba manyan kalmomi ba, gajerun jimloli marasa harshen damo. Yawancin aikin da ake biya da kyau da Turanci ake fara shi, Hausa ta biyo baya. Hausar ma sai ka gyara rubutunta: ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, da raba kalmomi. A takardar magani, "kashi" da "ƙashi" ba abu ɗaya ba ne.

Sai kwamfuta. Fara da Microsoft Word ko Google Docs: kanun magana, jerin lambobi, tebur, saka hoto. In kana son ɓangaren manhaja, ƙara da Markdown da GitHub. Kamfanin Google yana da darussan rubutun fasaha kyauta a intanet, da waya ma za ka iya karanta su.

Sai tambaya. Ƙwararre yakan tsallake mataki saboda ya saba da shi, ya manta wani bai sani ba. Aikinka ka tsare shi: bayan nan sai me? In fitilar ba ta kama ba fa? In babu firij fa? Kada ka ji kunyar a ce ka cika tambaya.

Babbar doka kuma ita ce: ba a cinta. Lambar da ba ka tabbatar ba, kada ka rubuta. Abin da ya shafi magani, likita ne zai duba ya amince kafin ya fita. Na wuta, injiniya. Kai marubuci ne, ba likita ba.

Yadda za ka fara ba tare da jari ba

Ɗauki abu ɗaya da ka iya sosai, misali canja man janareta, ko abin da mai POS zai yi idan an cire kuɗin kwastoma amma takarda ta nuna bai shiga ba. Rubuta shi a shafi ɗaya, mataki-mataki, kowane mataki aiki ɗaya, gargaɗi kuma ya zo kafin matakin da yake da haɗari, ba bayansa ba. Sai ka miƙa wa wanda bai taɓa yi ba, ka koma gefe ka yi shiru. Duk inda ya tsaya yana sosa kai, laifin rubutunka ne, je ka gyara. Ka yi irin wannan guda biyar, da Turanci da Hausa, ka adana su wuri ɗaya. Su ne shaidarka.

Daga nan ka leƙa kusa da kai: mai shagon maganin dabbobi, mai sayar da kayan sola, ƙungiyar 'yan kasuwa, asibitin unguwa. Ka nuna musu, ka ce za ka yi musu na kayansu. Ku yi ciniki tun farko, a shafi ne ko a aiki gaba ɗaya, kuma gyara sau nawa ne a ciki. Rubutu a Wikipedia ta Hausa ma yana goge hannu, ko da yake ba a biya.

Gaskiyar da ya kamata ka sani

Ba kuɗin dare ɗaya ba ne. Aikin gwamnati sai da takardar makaranta, don haka mai sakandare kamata ya yi ya haɗa da karatu, ko difloma ko Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN, wadda ake yi ana sana'a. Kamfanoni masu zaman kansu sun fi duba abin da ka rubuta, amma gasar tana da zafi, musamman aikin waje da ake biya da dala. Kuma duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin ya ba ka aikin rubutu, ka kama gabanka.

Sai maganar ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, na'ura tana iya zubo shafi goma cikin minti ɗaya, kuma ta rage wa masu rubutun gama-gari kasuwa, wannan gaskiya ne. Amma tana iya kawo lambar ƙarya da cikakken ƙarfin hali, Hausarta kuma sau da yawa Turanci ne sanye da babbar riga. Ba za ta je ruga ta ga yadda ake riƙe sirinji ba, ba za ta ɗauki alhaki in sa ya faɗi ba. Wanda zai tsira a sana'ar shi ne mai sanin abin da kansa, mai iya cewa nan daidai ne, nan kuskure ne.

Don haka iyaye, in kun ga yaro yana da haƙurin karanta takardar cikin kwali yana yi muku bayani, kada ku ce ɓata lokaci yake. Ku taimaka masa da kuɗin data da na koyon kwamfuta. Matasa kuma, kasuwa ba ta hana wannan, da rana kana shago, da dare ka rubuta shafi ɗaya. Allah Ya sa albarka a nema, Ya tsare mana dukiya da lafiya.