Abin da Shinkafa Ta Tona Game da Dawa da Gero

Manomi ba zai haɗa shinkafa da gero a gona ɗaya ba, don shinkafa fadama take so, gero kuwa jigawa. Amma a wurin masana tsirrai shinkafa, masara, dawa, gero, alkama da acca duk 'yan gida ɗaya ne, dangin ciyawa, kuma sun rabu da kakansu fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce.

Zumuncin yana ɓoye ne a cikin kuromosom, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa. Da gani babu kama. Shinkafa tana da tagwayen kuromosom 12, dawa da masara 10 kowacce, gero 7, alkamar burodi 21. DNA ɗin alkama kuwa ya ninka na shinkafa kusan sau 40.

A 1995 ne Graham Moore da Katrien Devos da Mike Gale na Cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila suka nuna cewa in aka raba kuromosom ɗin shinkafa gunduwa-gunduwa a taswira, aka sake jera su, sai tsarin na alkama ko masara ko dawa ya fito. Ƙwayar gadon da ke maƙwabtaka da wata a shinkafa, sau da yawa ita ce maƙwabciyarta a dawa. Kamar carbi ne: duwatsun da jerinsu ɗaya, zaren da ke tsakani ne wani ya fi wani tsawo. Yawancin wannan rarar DNA ne mai kwafar kansa yana sauya mazauni, dangin wanda Barbara McClintock ta gano a masara, har ta sami kyautar Nobel a 1983.

Amfanin a fili yake. Da aka kammala karanta DNA ɗin shinkafa a 2005, mai binciken dawa ya sami jagora. A 2012 aka gano cewa ƙwayar gadon da ta hana tsabar dawa kakkaɓewa kafin girbi tana da takwararta a shinkafa da masara, duk da cewa a nahiyoyi daban-daban aka fara noma su.

Sai dai gero ya fi sauran yamutsa jerinsa, don haka taswirar shinkafa ba ta ishe shi ba. Sai a 2017 aka karanta nasa DNA ɗin, ƙarƙashin jagorancin ICRISAT, cibiyar binciken noma da ke da rassa a Kano da Sadore kusa da Yamai. A ganina an yi jinkiri ƙwarai, domin juriyar fari da zafin da masu binciken alkama ke nema yau, gero ya daɗe da ita.