Motar Da Ake Kwana A Ciki: Yaya Ake Kare Wutarta?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Funtuwa, yana tambaya: shin motocin nan na Amurka masu gado da kicin a ciki, lantarki ba ya ƙona musu kaya?

To Malam, yana ƙonawa mana. In mai motar ya yada zango, yakan jona wayarsa da turken wuta na wurin, mai volt 120. Tsawa kan ingizo wuta da ƙarfi ta kashe firji. Amma raunin wuta ma mugu ne: lokacin zafi kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, wuta ta yi ƙasa, inji ya yi ta nishi har ya ƙone. Kai ma ka san wannan a shagonka.

Shi ya sa sukan sa wata na'ura tsakanin turken da motar. Takan fara duba ko an haɗa wayoyi daidai. In wuta ta gaza kamar volt 104, ko ta haura 132, sai ta yanke, ba ta sakewa sai wutar ta daidaita. Mai arhar kuwa, hauhawa kawai take tarewa, ba ruwanta da raunin wuta.