Tasirin Harshe da Zaman Baƙunci a Kan Yadda Hausawan Sabo ta Ibadan Ke Kallon Surar Jiki

Yadda mutum ke kallon surar jikinsa abu ne da yake koyo daga al'ummarsa, kuma harshe shi ne makarantar farko. Idan Bahaushe ya ce wance "ta yi jiki" ko "ta murmure", to yabo ne. In kuwa aka ce "ta rame" ko "ta lalace", nan take hankali zai tafi ga ciwo ko rashi ko ɓacin rai. Ke nan ƙiba madaidaiciya tana ɗauke da ma'anar wadata da kwanciyar hankali, shi ya sa idan matar aure ta rame, mijinta ake fara tuhuma.

Wannan ma'auni shi Hausawa suka sauka da shi a Sabo, unguwar da aka keɓe musu a Ibadan a shekarar 1916. Cohen (1969), wanda ya zauna cikinsu a farkon shekarun 1960, ya nuna cewa riƙon al'ada da suka yi shi ya ba su damar mallakar fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarabawa. A irin wannan zama jiki kansa shaida ne. Babbar riga da hula da lalle da kitso da tsagar fuska duk suna faɗin asalin mutum tun bai buɗe baki ba. Yaɗuwar ɗariƙar Tijjaniyya a unguwar cikin shekarun 1950 ta ƙara wa suturta jiki da kullen matan aure daraja, alhali kuwa matan Yarabawa su ke riƙe da kasuwa.

Sai dai yarinyar da aka haifa a Sabo, ko a Shasha ta ƙaramar hukumar Akinyele, da madubi biyu take tashi. A gida kakarta na yi mata faɗan rama, a makaranta kuwa tana jin ana yaba "lepa", wato siririya, ana zolayar "orobo", wato mai ƙiba. Tsagar da a da ake alfahari da ita a ɓangarorin biyu ta ja baya, har Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta yi wa yaro ita.

Finafinan Indiya da na Hausa, daga baya kuma hotunan wayar hannu, sun ɗaukaka farar fata a kan baƙa da wankan tarwaɗa. A nan ne al'amarin ya zama na lafiya, domin mayukan bilicin masu sinadarin hydroquinone ko makuri suna ɓata fata, makuri kuma yana taɓa ƙoda. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira "sha-ka-fashe" su ma ba kanwar lasa ba ne, wasunsu kumburi suke kawowa tare da hawan jini da ciwon sukari. Sau da yawa kuma budurwa kan haɗa su biyun a lokacin gyaran jiki, ana saura 'yan makonni biki.